Karan shinkafa ga shi jibge, nono yana ja baya: yaya ake haɗa abincin saniyar tatsa a bazara?

Abban Fa'iza, Kalgo:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema a kan shanun tatsa guda uku da nake turke a gida, biyu Gudali, ɗaya ruwa-biyu ce. Tun da hunturu ya wuce nonon ke ja baya. Ruwa-biyun da take ba ni lita 8 bayan maraƙi ya sha, yanzu da ƙyar take kai 5. Kuma ba yunwa suke kwana da ita ba, don karan shinkafa ba ya yankewa a gabansu, safe da yamma kuma ina ba su dusar shinkafa ta injin unguwarmu. Cikinsu a cike yake kullum, amma ƙashin kwankwaso ya fito, gashi ya tashi. Harawa kuwa kun san yadda kuɗinta yake a wannan lokaci. To in ƙara dusar ne, ko in daure in sayi harawar ko da kaɗan ce?

Nura, Yawuri:
Wa alaikumus salam. Yaya, gaskiya ɗaya ce, karan shinkafa ba abinci ba ne, shimfiɗa ce. Ni tun da na dasa ciyawar giwa a bakin ruwa na daina waiwayarsa. Ka nemi inda za ka dasa ko da kadada kwata ce, ka huta.

Malam Bello mai dusa, Jega:
Ƙara dusa kawai Alhaji. Amma ka bar ta shinkafa ka koma ta alkama ko ta masara. Kwana uku za ka ga bambanci a ƙwarya.

Maman Hauwa, Argungu:
Malam Bello, ka yi haƙuri zan saɓa maka kaɗan. Mu da muke kaɗa nono mu ne muke ganin abin da mai tatsa ba ya gani. Gidan da aka dage wa saniya da dusa aka rage mata ciyawa, madarar tana ƙaruwa a ido, wannan gaskiya ne, amma in ka kaɗa sai ka ga man shanun ya ragu sosai. Kindirmon ma ba ya kama jikinsa, sai ya yi ruwa-ruwa, mai saye ya ɗauka an yi masa algus alhali ba a zuba komai ba. Akwai gidan da nake karɓar madara a wajensu, da zarar maigidan ya samu kuɗi ya cika wa shanun dusa sai na gane tun kafin a faɗa mini. Kuma ribar mace a wannan sana'a rabinta a man take. Saboda haka in za a ba Abban Fa'iza shawara, a ba shi wadda za ta kawo madara mai mai, ba mai yawa kawai ba.

Malam Bello mai dusa, Jega:
Hajiya ban musa ba. Amma mutumin nan lita yake nema.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Barkanmu da war haka. Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, kuma yana da dalili. Bari in ɗan tsawaita, don matsalar Abban Fa'iza ita ce ta yawancin masu turke a jihar nan.

Saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke cinye karan su mayar da shi abin da jikinta zai amfana da shi. Su kuma waɗannan halittu suna buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kafin su yi aiki. Idan furotin ɗin da ke cikin abincin ya gaza kashi 7 cikin 100, aikinsu yana yin sanyi, abincin ya daɗe a tumbi bai wuce ba. Karan shinkafa kuwa furotin ɗinsa bai fi kashi 3 zuwa 5 ba, ga shi da wani sinadari mai kama da yashi da ke sa shi wuyar narkewa. Shi ya sa kake ganin ciki a cike. Ba ƙoshi ba ne, karan jiya ne bai fita ba, ya tare wa na yau wuri.

Mu yi lissafi. Saniya mai nauyin kilo 350 tana iya cin busasshen abinci kamar kilo 9 zuwa 10 a yini, in abincin mai kyau ne. Don ta riƙe jikinta kawai tana son furotin kamar giram 350 zuwa 400, sannan kowace lita ɗaya ta madara tana cin kusan giram 85 zuwa 90. Ka ga mai ba da lita 6 tana neman abin da ya kai giram 900. Yanzu dubi abin da ake ba ta. In ta ci kilo 6 na karan shinkafa, ta samu giram 240 ke nan ko kusa da haka. Dusar injin unguwa kuma yawanci a gauraye take da ɓuntu, don ƙananan injinan ba sa raba su. Tsantsar dusar shinkafa tana da furotin kashi 12 zuwa 13, amma in ɓuntu ya shiga sai ta faɗo zuwa wajen rabin haka. Kilo 3 nata ba zai wuce giram 200 ba. Jimla ba ta kai 500 ba. Sauran daga ina take cikowa? Daga naman jikinta. Wannan shi ne ƙashin kwankwason da ya fito.

To amma maganin ba a zubar da karan a cika dusa ba ne. Dusa da hatsi suna narkewa da sauri, suna sa tumbi ya yi tsami. Abin da ke kashe wannan tsamin shi ne yawun da saniya ke haɗiya lokacin tuƙa, kuma dogon kara ne yake sa ta tuƙa. Lafiyayyar saniya tana yin awa 7 zuwa 8 a yini tana tuƙa. In tuƙa ta ragu tumbi ya yi tsami, man da ke cikin madara ne yake fara sauka, sai zawo mai kumfa, sai ta riƙa ci yau ta ƙi ci gobe, in abin ya daɗe har kofato yakan lalace ta fara ɗingishi. Abin da Hajiya ke gani a ƙwarya ke nan.

Nura, Yawuri:
Likita to ai maganata ce ta fito. Karan ba shi da komai.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
A'a Nura, ban ce ba shi da komai ba. Yana da abin tuƙa, kuma kusan kyauta ne a nan. Ba a ba shi shi kaɗai ne kawai. Ita ma ciyawar giwar taka ba ta isa ita kaɗai. Ɗanya ce, kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, in ka zuba kilo 10 a gaban saniya busasshen abincin da ke ciki bai fi kilo 2 ba. Kuma in ka bar ta ta wuce tsayin mutum ta yi kara, furotin ɗinta yana faɗowa kusa da na karan dawa. A sati 6 zuwa 8 ake yankanta.

Baffa Ardo, Bunza (ɗansa ke rubuta masa):
Sallama gare ku duka. An karanta mini abin da kunka rubuta. Likita Allah shi yi maka albarka, maganarka ta yi daidai da abin da munka taras iyayenmu na yi, ko da su ba su san lissahin giram ba.

Da can ba mu san saniyar tatsa ta wuni bisa abu guda ba. Da sahe ta shiga karan gero da na dawa cikin gonakin da anka girbe, ta tsinci ganyen wake da ya zube. Da rana a gangara fadama inda ruwa ya janye, ta ci burgu ɗanye. Kan hanyar dawowa ta tsaya gindin gawo ta tsinci 'ya'yan da sunka faɗo, yara su kakkaɓo mata na kalgo. Kowane wata a kai su kanwa. Ka ga busasshe ta ci, ɗanye ta ci, mai maiƙo ta ci. Ita da kanta take haɗawa, mu dai bin ta muke.

Yanzu fadamar ta zama shinkafa rani da damina, burtali ya matse, daji mai nisa kuma ba kowa ke iya shiga ba, kun san dalili. Ban ce noman shinkafa laihi ba ne, mu ma muna ci muna sayarwa. Amma wanda ya ɗaure saniya ya hana ta zaɓe, to zaɓen ya koma wuyanshi. Da ruwan ciki aka jan na rijiya. Yaro, ka sayi harawar nan ko dami guda ne, ka riƙa ba mai nonon, ka bar busassun shanu da kara.

Abban Fa'iza, Kalgo:
Na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Likita, in za a haɗa, nawa-nawa ke nan? Don in na san awo zan san ko aljihuna zai ɗauka.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Ga ruwa-biyun, a gwada kamar haka a yini: karan shinkafa kilo 4, harawar wake ko ta gyaɗa kilo 3, dusar masara ko ta alkama kilo 2, ƙulin auduga kilo 1. Harawa mai ganye tana da furotin wajen kashi 12 zuwa 15, ƙulin auduga kuma yana haura kashi 20 nesa, ya danganta da yadda aka sarrafa shi. In ka tara za ka ga an haura giram 1,000 kaɗan, kuma kashi 70 cikin 100 na abincin ciyawa ce, tuƙa ba za ta ragu ba. Gudalin biyu tunda nononsu bai kai nata ba, harawa kilo 2 da rabin ƙulin ya wadatar.

Amfanin harawar ba furotin ɗin da ke cikinta kaɗai ba ne. Da zarar halittun tumbi sun samu abin da suke so, sai su fi narkar da shi kansa karan shinkafar, saniya ta ƙara cin sa. Shi ya sa harawa kaɗan take yin aikin da ya fi girmanta. Kuma harawa tana da sinadarin ƙashi, wanda karan shinkafa da dusa duk ba su da shi sosai, ga shi madara kullum tana fitar da shi daga jikin saniya.

Kada a sauya rana ɗaya. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14. Dusar kuma a raba ta biyu ko uku, kuma a fara ba da ciyawa kafin ita. Ƙulin auduga ban da ƙananan maruƙa, akwai wani sinadari a cikinsa da tumbinsu bai isa ya kashe ba.

Garba, Gummi:
Ni tambayata a kan harawar ce. Ta wake da ta gyaɗa wacce ta fi? A wajenmu masu kiwon raguna sun fi rububin ta wake, har ta fi tsada.

Malam Bello mai dusa, Jega:
Ta wake dabba ta fi so. Amma abin dubawa shi ne ganye. Dami biyu za ka gani girmansu ɗaya, ɗaya kore shar da ganyensa, ɗaya ya yi fari a kan rufin ɗaki rana ta cinye shi, ganyen ya kakkaɓe saura igiya. Na biyun kuɗinka kawai ka zubar. Ta gyaɗa kuma a kakkaɓe ƙasa, don ana tuge ta da saiwa.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Haka ne. Tazarar da ke tsakanin harawa mai ganye da marar ganye ta fi tazarar da ke tsakanin ta wake da ta gyaɗa. Sai dai a kula da wadda ruwa ya taɓa ta yi funfuna, musamman ta gyaɗa mai ragowar 'ya'ya a jiki, haka ma dusa ko ƙuli da suka yi warin ruma. Akwai gubar da funfuna ke haifarwa wadda take ratsa jikin saniya ta fito a madara, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Yaranmu ne masu shan madarar nan. Abin da ya yi funfuna a zubar.

Nura, Yawuri:
To me ya sa ba wanda ya kawo maganar yuriya? Na ga ana jiƙa karan shinkafa da takin yuriya a rufe, ya zama kamar harawa.

Baffa Ardo, Bunza (ɗansa ke rubuta masa):
Wannan kam ban yarda da shi ba. Na ga saniyar da ta sha ruwan taki a gona, ba ta kai gida ba. Taki na ƙasa ne.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Baffa tsoronka yana kan hanya, yuriya tana kashe saniya cikin ƙanƙanin lokaci in ta sha ruwanta ko ta ci garinta. Amma abin da Nura ke nufi daban ne, kuma an daɗe ana yin sa a ƙasashen shinkafa irin su Indiya da Bangaladash. Ana narkar da kilo 4 na yuriya a ruwa, wasu lita 40 suke sawa wasu har 100, a yayyafa wa kilo 100 na busasshen kara, ana zubawa ana tattakewa, a rufe da leda ruf yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi sati 3. A cikin wannan lokaci yuriyar tana juyewa ta zama iska mai yaji, ita ce take tausasa karan. In an buɗe a ɗebi na yini a baza shi ya sha iska kafin a ba dabba. Furotin ɗin yana tashi zuwa wajen kashi 7 zuwa 9, kuma ya fi narkewa.

Sai dai Nura, bai zama harawa ba. Ya tashi daga abincin da ba ya riƙe jiki zuwa wanda yake riƙe jiki, shi ke nan. Mai nono har yanzu tana son ƙari. Kuma ni ba na ba wanda ba shi da sikeli shawarar ya yi, don a nan ne ake samun ɓarna, mutum ya auna da ido, ko ya bar bokitin ruwan a inda dabba za ta kai baki. Ba a ba maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba. Wanda zai yi karon farko ya nemi malamin gona ya tsaya a kansa.

Baffa Ardo, Bunza (ɗansa ke rubuta masa):
To na ji. Ku yara ku yi. Ni dai gawo da harawa sun ishe ni.

Maman Hauwa, Argungu:
Likita ni abin da ke damuna da yuriyar, ba ta sa wa madara wari?

Likita Usman, Birnin Kebbi:
In an baza shi ya sha iska, kuma ba a ajiye shi kusa da inda ake tatsa ba, ba ya sawa. Madara tana saurin ɗaukar warin wurin da take. A ba da shi bayan tatsa ya fi.

Garba, Gummi:
Akwai masu injin niƙa kara da suka yawaita yanzu, suna mayar da karan dawa da na masara kamar gari, a gauraya da dusa. Shanun suna cinyewa tas ba sa barin komai. Ni na ga kamar ya fi, don da can rabin karan a ƙasa yake ƙarewa.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Sara yana da kyau, niƙa ce ba ta da kyau ga saniyar tatsa. Karan dawa in an bar shi dogo ganyen kawai suke zaɓa su bar sandar, gaskiyarka. Amma in ya zama gari ya daina sa tuƙa, ya zama ka kashe amfanin da ya sa ake ba da shi. Ka ce wa mai injin ya sa rariya mai faɗi, ya fito kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu. Ga mai kiwon sa na Sallah niƙaƙƙen ba laifi sosai, shi nama ake nema cikin wata uku. Saniya kuwa shekaru za ta yi maka.

Hanya mai sauƙi ta ganewa: ka leƙa su da rana lokacin da suke kwance. In rabinsu ko fiye suna tuƙa, lafiya. Sannan ka dubi kashin. In ya fito da tauri ƙulu-ƙulu a bushe, kara ya yi yawa furotin ya yi kaɗan. In ya zama ruwa yana fallatsa da kumfa, dusa ta yi yawa. Wanda ake so shi ne mai taushi da yake tsayawa a dunƙule in ya faɗi.

Abban Fa'iza, Kalgo:
Wallahi nasu mai taurin ne, kamar yadda ka faɗa.

Nura, Yawuri:
Ni dai har yanzu ina ganin muna wahalar da kanmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a 2015 kowa ya koma shinkafa, injin ban ruwa ya cika fadama. Wanda yake iya ba shinkafa ruwa a rani me zai hana shi ware gefe guda ya sa ciyawa? Ruwa ɗaya ne, man fetur ɗaya ne. Mun zauna muna jiran abin da gona ta rage, sannan mu ce shanunmu ba sa nono kamar na waje.

Maman Hauwa, Argungu:
Ƙanena, wanda yake da fadamar shi zai ware. Yawancin matan da nake karɓar madara a hannunsu ko taki ɗaya ba su da shi a bakin ruwa.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Ku duka biyun kuna da gaskiya. Ga mai fili, ina tare da Nura, amma da sharaɗi: kada ya sa ciyawar giwa ita kaɗai, ya haɗa da dangin wake. Lablab yana yi a ƙasarmu, cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana yaɗa shi, yana jure fari kuma yana daɗewa kore bayan ruwa ya ɗauke. Wanda bai samu irinsa ba, waken gida mai yaɗo irin Kanannado ai don harawarsa ake son sa. Ga marar fili kuma, ɗanyen abu kaɗan ma yana taimako: ganyen dankali in an haƙa, ganyen zogale, ciyawar da ake cirewa a kan kunyar shinkafa. Busasshen abinci da ya daɗe ba shi da sinadarin da ke cikin koren ganye, wanda ido da mahaifa suke buƙata, rashinsa yana cikin abin da ke sa saniya ta daɗe ba ta nemi bijimi ba bayan haihuwa. Amma ciyawar bakin gona a tambaya ko an yi feshi.

Kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne hayaƙin da nake gani a fadama bayan girbi. Shinkafar rani ana yanke ta ne daidai lokacin da shanu suka fi shiga wahala, karanta ma sau da yawa da sauran kore a jikinsa, ya fi na damina da ya daɗe a rana. A ƙone shi a wannan lokaci asara ce babba.

Baffa Ardo, Bunza (ɗansa ke rubuta masa):
Ku ƙara da maganar ruwa. Na ga masu turke da yawa suna ba saniya ruwa sau guda, bokiti biyu, cikin wanga zahi. Nono ai ruwa ne.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Baffa ya taɓo babba. Kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, ga busasshen kara, ga zafin da ke haura digiri 40 a watannin nan. Saniyar tatsa tana iya shan lita 60 zuwa sama a irin wannan yanayi. Ruwa ya zauna a gabanta, a inuwa. Wadda ba ta sha ba ba za ta ci ba. Kuma tunda zafi yana rage musu ci da rana, a ba da mafi yawan ciyawar da yamma da dare. Gishiri ko dutsen lasa shi ma ya zauna a wurin.

Masu yanko burgu ko ciyawar bakin ruwa kuma su sani cewa ƙwarin hanta a jikin irin wannan ciyawa suke maƙalewa, ta hanyar ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan. Saniya mai ciwon hanta ko me ka ba ta ba za ta yi nono ba. Abban Fa'iza, in ka daɗe ba ka ba su maganin hanta ba ka sa a duba, kuma ka tambayi kwanakin da ba a shan madara bayan an ba da maganin, don wasu magungunan ba a ba saniyar da ake tatsa sam.

Abban Fa'iza, Kalgo:
In kuɗin bai isa duka ukun ba fa? Gaskiya dami ɗaya nake iya saye a sati yanzu.

Maman Hauwa, Argungu:
Wacce ta haihu kwanan nan?

Abban Fa'iza, Kalgo:
Ruwa-biyun, watanta biyu. Gudali ɗaya ta kusa yaye, ɗayar tana tsakiya.

Likita Usman, Birnin Kebbi:
To amsar ta fito, Hajiya ta riga ni. Kada ka raba daidai. Saniya tana kai ƙololuwar nononta a sati 4 zuwa 8 bayan haihuwa, alhali cinta bai gama dawowa ba sai bayan haka, shi ya sa a wannan lokacin ta fi zubewa. Abin da ta rasa a watanni ukun farko da wuya ta mayar da shi a wannan goyon. Ka ba ta kaso mafi girma, mai tsakiya ta samu saura, wadda ta kusa yaye ta yi haƙuri da kara da ɗan ƙuli. Amma in tana da ciki, wata biyun ƙarshe kafin ta haihu a dawo mata da harawa. Kuma ka ɗaure su nesa da juna lokacin ci, Gudali ba za ta bar ruwa-biyu ta ci a gabanta ba.

Malam Bello mai dusa, Jega:
Kowar wake, wato ɓawon da ke ragewa bayan an sussuke shi, ita ma tana nan, ta fi harawa sauƙin kuɗi a buhu, a jiƙa ta kaɗan a gauraya da karan. Bana dai an makara, amma da kaka a sayi harawa tun tana gona, a ɗaure ta da sauran danshin safiya don ganye kada ya zube, a sa a inuwa a kan dakali ba a ƙasa ba saboda gara.

Garba, Gummi:
Likita saura wata ɗaya zuwa biyu ruwa ya sauka. In sabuwar ciyawa ta fito sai a daina duk wannan ko?

Likita Usman, Birnin Kebbi:
Ba nan take ba. Sabuwar ciyawar farkon damina ruwa ce zalla, furotin da yawa, abin tuƙa kaɗan. Shi ya sa shanu ke zawo a lokacin, wasu ma su ƙara ramewa a makonnin farko. A nan karan shinkafar zai yi maka rana: ka ba su busasshe da safe su ci kafin su fita, ka ci gaba da haka kamar sati 2 zuwa 3 har ciyawar ta yi ƙwari. Harawar da ƙulin su ne za ka fara ragewa. Kada a sake su da yunwa cikin ɗanyen wake ko lablab da raɓa a jiki, kumburin ciki yake kawowa.

Baffa Ardo, Bunza (ɗansa ke rubuta masa):
Da gyauron dawa. A gaya ma yara masu kora, in sunka ga tsohuwar gonar dawa ta tohu bayan ruwan fari, su kauce da shanu. Haka duman kada a bakin tabki, saniya mai yunwa takan kai mishi baki.

Garba, Gummi:
Gyauron ko an yanke an shanya ma ba a bayarwa?

Likita Usman, Birnin Kebbi:
In ya bushe sosai gubar tana raguwa ƙwarai, ana iya bayarwa. Haɗarin yana ga ɗanye ƙarami wanda bai kai gwiwa zuwa ƙugu ba, musamman wanda ya tsiro sannan ruwa ya ɗauke ya yi yaushi. Irin wannan ko awa ɗaya ba ya ɗauka, sai ka ga saniya tana haki tana rawar jiki ta faɗi. In ya faru a kira likita nan take, kada a tsaya ɗura mata mai ko kanwa, kuma a fitar da sauran daga gonar tukuna.